AKU AKE NEMA KO MAI HANKALI?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, akwai wata tambaya da muke so kowane magidanci ya yi wa kansa kafin ya sake kwance lalita ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa. In kana da yaro a rumfa, ko a kara, ko a zangon goro, yaya kake gane cewa ya isa ka sakar masa dukiyarka? Mu dai ba mu taɓa jin falken da ya zaunar da yaronsa ya ce ya jero masa sunayen garuruwan da ke tsakanin Ikko da Kano, in ya jero daidai sai ya miƙa masa mabuɗin sito ba. Abin da muka sani shi ne, maigida yakan ba yaro 'yan kuɗi ya tura shi kasuwa, sa'an nan ya zauna ya ga abin da zai komo da shi. In saniya ce a Agege ko a Akinyele ta Badun, ya duba haƙora? Ya gane tumbin nan na ƙiba ne, ko kuwa ruwa aka ɗirka mata da asuba? In goro ne a Shagamu, ya zura hannu har gindin huhu, ko kuwa na bisa ya gani ya yaba, alhali sankara ta gama da na ƙasa? In kwandon tumatir ne a Mile 12, ya san manyan da aka jera a baki ba su ne shaidar na ciki ba? Kuma in ya komo, maigida ba ya tsayawa a kan abin da ya sayo, sai ya tambaye shi dalili. Yaron da ya yi sa'a ya sayo mai kyau amma ya kasa faɗin yadda ya gane, ba a sake tura shi shi kaɗai.

Wannan ita ce jarrabawar da iyayenmu suka yi ta yi tun zamanin ayari. To, ina dalilin da zai sa mutumin da ba ya yarda da yaronsa sai ya auna hankalinsa, ya yarda makaranta ta riƙe masa ɗan cikinsa shekara 12, ta sallamo shi da takarda, ba tare da an taɓa auna wannan abu ba ko da sau ɗaya?

Bari mu fara da jarrabawar shiga jami'a, tun da ita ce ke hana gidaje barci. An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2015 gaba ɗayan jarrabawarta a kan kwamfuta ake yi. Tambaya 180 ce cikin awa 2: 60 na Turanci, sa'an nan 40-40 a sauran darussa uku. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wane tunani ake yi cikin daƙiƙa 40? Ko mai sayen albasa yakan fi haka yana jujjuya ta a hannu. Kowace tambaya kuwa tana zuwa da amsa huɗu a jere, ɗaya daidai uku tarko, aikin yaro shi ne ya danna ɗaya. Ba a tambayarsa don me ya zaɓa, ba shi kuma da wurin da zai ce tambayar kanta ba ta da kai. Wanda ya sani, da wanda ya haddace bai fahimta ba, da wanda ya rufe ido ya canka ya dace, duk maki ɗaya ake ba su. Ba banza yara suka laƙaba wa irin waɗannan tambayoyi sunan canki-canka ba.

Ga kuma wani lissafin da ya kamata ya tayar wa kowa da hankali. Tun da amsa huɗu ce, wanda bai karanta ko tambaya ɗaya ba, ya yi ta dannawa kawai, bisa ƙiyasi zai dace da ɗaya cikin huɗu, watau wajen maki 100 daga cikin 400. To, a 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar domin shiga jami'a 150 ne, na shiga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horon malamai kuwa 100. Gaskiya ne kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata sama da haka, da yawa kuma sun ɗaga. Amma dai ƙasa ta yarda a rubuce cewa makin da makaho zai iya samu da lalube ya isa ya kai mutum ƙofar makarantar da ake horon masu koyar da 'ya'yanmu. Haba jama'a!

A shekarar 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Aka yi ta kururuwa, har a watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi yara wajen 380,000 a cibiyoyi 157, fiye da rabinsu a nan Ikko, aka sake musu zama. Mun yaba masa da ya amsa kuskure, domin ba ɗabi'ar manyan ƙasar nan ba ce. Abin da ya ba mu takaici shi ne, mako da makonni ƙasa ta kwana tana gardama a kan na'ura, ba mu ji wanda ya ce a kawo tambayoyin a duba ko sun cancanci a yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa da su ba. An yi ta faɗa a kan ko mudu ya cika, ba a duba ko hatsi ne a ciki ko ƙaiƙayi ba.

Ita wannan dabara ta canki-canka ba saukakkiya ba ce daga sama. A Amurka ta yi ƙarfi, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da rundunar sojansu daga 1917 ta buƙaci hanyar tankaɗe sababbin kurata fiye da miliyan ɗaya da rabi cikin gaggawa. An ƙago ta ne domin sauƙin mai duba takarda, ba domin amfanin mai rubutawa ba. Kuma su Amurkawan da kansu suka fara nuna iyakarta. A 1956 wani malamin Jami'ar Shikago, Benjamin Bloom, tare da abokan aikinsa, suka kasa aikin ƙwaƙwalwa hawa shida. Na ƙasa shi ne tuna abin da aka faɗa maka. Sama da shi akwai fahimta, da yin aiki da abin da aka fahimta, da ƙalailaice magana a ga sassanta, da harhaɗa sassa a gina sabon abu. Can ƙololuwa suka ajiye yanke hukunci, watau mutum ya auna magana ya ce wannan tana da hujja, wannan ba ta da ita, ga kuma dalilina. Duk wanda ya bi ta kwalejin horon malamai a ƙasar nan an koya masa waɗannan hawa shida. Abin dariya, abin kuka, haddace su ake sa shi ya yi, a tambaye shi ya jero su a jarrabawa, ya jero, a ba shi maki. Watau an ɗauki tsanin dungum an jingine shi a matakin farko.

Wani zai ce ai jarrabawar fita sakandare ba haka take ba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, suna da takardun rubutu, akwai insha'i a Turanci, akwai gwaje-gwajen kimiyya. Haka ne, ba mu musa ba, kuma sun fi canki-canka zalla. Amma a ɗauko tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a bakin titi a duba. Mafi yawansu da kalma iri ɗaya suke farawa: kawo ma'anar kaza, lissafa abu biyar, faɗi amfani huɗu. Mai duba takarda kuma da jagorar maki a gabansa, yana ƙidaya abubuwan da aka lissafa kamar mai ƙidayar buhuna a bakin tirela. Yaron da ya kawo biyar ɗin da ke cikin littafi ya cinye. Wanda ya kawo uku, ya tsaya ya nuna cewa na huɗun da littafi ya faɗa bai dace da abin da yake gani a unguwarsu ba, ya ɓata lokacinsa. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Da sun gane cewa gardama ba ta kawo maki, sai su daina. Malami ma haka, abin da za a tambaya shi zai koyar, domin da yawan waɗanda suka ci ake auna shi, da shi kuma mai makaranta ke tallar makarantarsa a allon bakin hanya.

Daga nan ne satar amsa ta samo gindin zama. Tambayar da amsarta ɗaya ce tak, kuma an san ta tun kafin a shiga ɗaki, haja ce, ana iya sayar da ita. Tun 1977 aka yi fallasar tambayoyi da ta girgiza ƙasa har aka kafa kotun bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. A 1999 aka sake wata dokar. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, sai ma ta koma cikin wayar hannu. An yi shekara da shekaru ana korar ƙuda, an ƙi ɗauke mushen.

Ba kuma wai hukuma ba ta san maganin ba. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, ta yi alkawarin cewa ba za a ƙara rataye makomar yaro a kan zaman kwana ɗaya ba, za a riƙa auna shi bi-da-bi a cikin aji, a duba tunaninsa da halinsa da aikin hannunsa. Magana mai daɗi. Amma a makarantu da yawa abin da ya rage daga wannan alkawari shi ne 'yan gwaje-gwaje biyu a zango, su ma na hadda, da makin da ake ba wanda ya kwafe allo tsaf cikin littafinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce da ba ta shafi tukunyarsa ba. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ba jahilai kaɗai suka tashi da asuba suna dama gishiri ba, har da masu digiri. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Dukkansu sun ci darasin kimiyya a takarda, amma ba a taɓa koya musu su tsaya su ce wa ya faɗa, ina ya samo, me zai haɗa gishiri da ƙwayar cuta ba. A Disamba 2016 adashen MMM, mai alkawarin riba kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe da kuɗin jama'a. Ba a yi hankali ba, a Afrilu 2025 CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya yi irin ta. Dattijon da ke canji a bakin titi, wanda bai taɓa zama a benci ba, ya san babu kasuwar da ke haifar irin wannan riba. Ɗansa mai kiredit a lissafi da tattalin arziki shi ya zuba jarin.

Mu kuma da ke zaune a garin wasu, abin ya fi kuɗi tsada. Duk wanda ya ga Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko Mile 12 a 2016, ko kasuwar Shasha ta Badun a 2021, ya san yadda jita-jita ke riga gaskiya isa gida, da yadda mutum biyu ke zama ɗari biyu kafin labari ya ƙetare Kwara. Yau hoto ɗaya na wata ƙasa, ko na wata shekara, ya isa ya sa a ƙone rumfuna a nan ko a tare motoci a can. Saurayin da zai karɓi irin wannan hoto ya tsaya ya bincika kafin ya tura, ya fi mana amfani bisa ga goma masu iya jero manyan biranen duniya. Wace jarrabawa ce ke neman wannan saurayi? Babu. Kuma kada a zaci riƙe waya shi ne wayewa. Masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka sun gwada ɗalibai kusan 7,800, suka bayyana a 2016 cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambanta talla da labari a shafin intanet ba. Su dai sun auna sun ga ramin. Mu ko ma'aunin ba mu ɗauko ba.

Akwai masu cewa ai hadda gadonmu ce, wanda ya soki hadda ya soki tsangaya. Wannan magana ba ta zauna ba. Hadda tana da muhallinta mai daraja, kuma ko a boko ba mai yin lissafi sai ya haddace jadawalin sau. Amma malaman zaure ba su taɓa cewa hadda ita ce ƙarshen ilmi ba. Almajirin da ya shiga littattafai, malam yakan jefa masa mas'ala ya ga yadda zai warware, kuma ba ya ba shi izinin karantarwa sai ya gamsu da fahimtarsa. Malaman hadisi kuwa sun gina fanni sukutum a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, ƙwaƙwalwarsa lafiya? An ruwaito cewa Imamu Buhari ya tace hadisan littafinsa, 7,000 da ɗoriya har da maimaici, daga cikin wajen 600,000. In wannan ba auna labari ba ne, mene ne shi? Ba baƙon abu muke roƙo a shigo mana da shi ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa tunani ba ya aunuwa, kuma in an bar wa mai duba takarda ya yi hukunci da ra'ayinsa, son kai da ƙabilanci za su shigo, ga yara miliyoyi, wa zai karanta? Wannan tsoro ne na gaskiya, musamman gare mu da 'ya'yanmu ke ɗauke da sunayen da ake gane asalinsu daga nesa. Amma maganinsa sananne ne: lamba maimakon suna, mutum biyu su duba takarda ɗaya, in sun saɓa da yawa na uku ya raba. Tunani kuma yana aunuwa sarai in an san abin da ake nema. Ga misali. A ba yaro rahoto biyu a kan tashin farashin albasa, ɗaya daga bakin shugaban dillalai yana cewa ambaliya ce ta cinye gonaki, ɗaya daga bakin direbobi suna cewa kuɗin mai ne da yawan shingaye a hanya, a haɗa masa da ɗan jadawalin farashi na wata shida. A ce masa: wanne ka fi gaskatawa, kuma don me? A ba shi maki in ya raba abin da aka gani da ido da abin da aka zata. A ba shi maki in ya lura da wanda zai ci riba in an yarda da maganarsa. A ba shi in ya gwada kowace magana da jadawalin, a ƙara masa in ya faɗi abin da ya rage a sani kafin a yanke hukunci. Yara biyu suna iya saɓawa a amsa, kowanne ya ci cikakken maki, na uku kuma ya dace da gaskiya amma ya tashi da kaɗan domin bai kawo dalili ba. Irin wannan tambaya ko an sace ta da wuya ta yi wa ɓarawo rana, gama in takarda 50 suka zo da jimla iri ɗaya sun tona wa kansu asiri.

In an ce ƙasa matalauciya ba za ta iya ba, a leƙa maƙwabta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, bisa tsarin da suka gada daga Faransa, suna karanta falsafa a ajin ƙarshe na sakandare, kuma a jarrabawar fita akan ba ɗalibi batu ya zauna sa'o'i yana kawo hujja da kishiyarta kafin ya faɗi matsayinsa. Ba mu ce tsarinsu ba shi da nasa ciwon ba, su ma akwai masu haddace insha'in wani. Amma Nijar ba ta fi Nijeriya kuɗi ba. Ba ma cewa a rushe canki-canka gaba ɗaya, tana da amfaninta wajen gane wanda bai buɗe littafi ba sam. Cewa muke a ware kaso mai tsoka na maki, tun daga aji huɗu na firamare har fita sakandare, ga tambayoyin da ba a cin su sai da dalili, a kuma biya masu duba takardu haƙƙin da zai sa su karanta maimakon su ƙidaya.

Wani abu kuma da ya shafi 'ya'yanmu na nan musamman. Yaron Sabo da Hausa yake tunani, da Yarbanci ko Ibo ko Burokan yake ciniki a titi, da Turanci ake tuhumarsa a aji. Sau da yawa in ya yi shiru ba hujja ya rasa ba, kalma ya rasa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, ya nuna ba su baro takwarorinsu a baya ba, har ma sun fi su a darussa da dama. Saboda haka malamin da ke son ya san ko yaro yana tunani, ya bar shi ya fara kawo hujjarsa da bakin da ya iya, sa'an nan a taimake shi ya mai da ita Turanci. In ba haka ba, Turancinsa aka auna aka ce hankalinsa ne.

Sauran laifin namu ne, iyaye, kuma ba za mu ɓoye shi ba don muna jin nauyinku. Mu ne in yaro ya kawo sakamako ba mu tambayar kome sai na nawa ya zo. Mu ne yaro ya ce "don me" mu ce ya cika surutu, ko ba shi da kunya, alhali ladabi daban, rufe ƙwaƙwalwa daban. Cikinmu akwai masu biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da kowa ya san abin da ake yi a ciki, su dawo suna raba goron murna. Mutumin da ba zai karɓi jabun naira ba ko da duhun magariba, shi ne ke sayen jabun takarda da rana tsaka ya liƙa a bangon ɗakinsa.

Hukumomin jarrabawa suna nesa, amma makarantar ɗanka tana bayan layi. In an kira taron iyaye da malamai na wannan zango, a rufe rumfa na awa biyu a je, kada a bar wa mata da maƙwabta kamar yadda aka saba. In an je kuma, kada a tsaya ga katin sakamako. A nemi ainihin takardun tambayoyin da aka yi wa yara da amsoshin da aka duba, haƙƙinku ne, kuɗinku ne. Wanda ba ya karanta boko ya tafi da wanda zai karanta masa. A ƙidaya tambaya nawa ce ta ce lissafa, nawa ce ta ce don me. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda da yawansu ke da hannu a makarantun al'umma na Agege da Sabon Badun da Fatakwal, su sa wannan ƙidaya cikin abin da shugaban makaranta zai riƙa kawo musu a ƙarshen kowane zango, tare da lissafin kuɗi.